Wanda Ya Zo Karɓar Bashin Bahago

Muna dawowa daga maƙabarta, ƙasar kabarin Yaya Bahago ko barin ƙafafuna ba ta yi ba, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihuna. Ina ganin lambar na gane ta. Ita ce ta hana shi barci tun kafin azumi.

"Malam Garba, yau ma ɓuya za ka yi?" in ji mai kiran, har da 'yar dariyarsa.

Garba ne sunan yanka na yayana, amma duk unguwarmu ta Kwarbai Bahago ake ce masa, don da hagu yake ɗinkin babbar riga. Na ce, "Ƙanensa ne, Lawal. Ka zo gida jibi da safe a sallame ka."

"To, yanzu na ji magana," in ji shi. Ban gaya masa an yi rasuwa ba, shi ma bai tambaya ba.

Ga asalin maganar. Lokacin da wayar hannu ta shigo gari, Yaya ya kafa laima da tebur a Ƙofar Kuyambana, mutane na zuwa suna biya suna buga waya. Layin nasa irin wanda ake biya a ƙarshen wata ne. Ran nan aka sace wayar yana salla. Ni na raka shi ofishin kamfanin, suka ce sun rufe layin, ya biya abin da ya ci, muka taho. Ashe ba su rufe ba. Ɓarawo ya yi ta kiran ƙasashen waje, su kuwa suna ta lafta wa Yaya. Ya je ya yi musu, suka ce za su duba. Shiru, har muka manta.

Kwatsam bana sai ga wasu masu karɓar bashi, wai sun sayi tsofaffin basussukan kamfanin, wai kuɗin ya hayayyafa ya haura dubu tamanin. Yaronsu, wani Abdulwahab, shi aka ɗora a kan Yaya. Kira da safe, kira da rana, kira ana tsakiyar cin tuwo. Yaya ya ce bai ci ba, ba zai biya ba. Sai suka ɗauko hotonsa, ban san inda suka samo lambobin mutanenmu ba, suka watsa wa kowa da rubutu a ƙasa: wannan mutum macuci ne, ku yi hattara da shi. Har surukansa sai da suka samu.

Kai jama'a! Mutumin da ko allurar wani ya tsinta sai ya bi gida gida yana cigiya. Shi ke riƙe da ajiyar kuɗin gyaran masallacin unguwa, sai ga dattawa sun zo suna sunne kai, wai ya kawo su rage masa nauyi. Masu ba shi kafin alƙalami na ɗinki suka ɗauke ƙafa. Ya daina zama a sahun gaba a masallaci, daga baya ya daina fita ma. Daga nan ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Likita ya ce hawan jini ne. Ni dai na san wanda ya hau da shi, kuma wallahi na rantse sai sunan Yaya ya fita fes a bakin wanda ya ɓata shi.

Ranar sadakar uku aka shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gida har bakin lungu, unguwa ta cika maƙil. Na sayar da kekena na ɗinki na ƙulle kuɗin a aljihu, don na san abin da nake shirin yi yana iya juyewa a kaina. In yaron ya daure ya rantse, dole in biya, kuma shi ke nan Yaya ya tafi da sunan macuci.

Can sai ga Abdulwahab ya sauko daga keke Napep, ya tsuke cikin riga da wando, yana shan ƙamshi. Da ya ga tabarmi da mutane zaune jugum, sai tafiyarsa ta canza. Ya juya zai koma, na riga shi. Na kama hannunsa da fara'a kamar baƙon da na daɗe ina jira.

"Ina za ka? Ai don kai aka taru. Cire takalminka."

Na kai shi har gaban liman, Malam Abdulbaƙi, na zaunar da shi. Na ɗaga murya yadda har matan cikin gida za su ji.

"Allah gafarta Malam, ranar jana'iza ka yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya same ni. To ga shi ya zo. Wannan shi ne wanda ya aiko wa kowannenku hoton Yaya."

Wasu samari suka fara miƙewa, Malam ya ɗaga musu hannu suka koma suka zauna. Ya dubi yaron a natse.

"Yaro, bashi ba abin wasa ba ne, ba za mu bar ɗan'uwanmu da nauyinsa a kabari ba. Amma mamaci ba ya iya musu, don haka mai da'awa a kansa sai ya rantse. Ga buta can, yi alwala. Ka rantse ka san Garba ya ci wannan kuɗi, a ba ka yanzu."

Na fiddo kuɗin na ajiye a kan tabarma. Abdulwahab ya dubi kuɗin, ya dubi Alƙur'anin da ke gaban Malam. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Malam, ni aiko ni aka yi. A kwamfuta sunansa ya fito."

"Kwamfutar ce za ta rantse?" na daka masa tsawa. "Ita ce ta kira shi macuci ko kai? Tashi ka yi alwala!"

Ya miƙe ya nufi butar, har ya tsuguna ya wanke hannu ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, na kashe Yaya sau biyu. Sai na ga ya tsaya, ruwa na zuba a ƙasa, bai ko motsa ba. Ya ajiye butar ya dawo ya durƙusa.

"Ban sani ba," in ji shi. "Wallahi ban san ko ya ci ba. Haka muke rubuta wa kowa, don ya ji kunya ya biya."

"Maimaita! Na baya ba su ji ba."

Ya maimaita. Na sa ya fiddo wayarsa, a nan gaban mutane ya rubuta cewa ƙarya ya yi wa Malam Garba Bahago, ya tura wa duk lambar da ya taɓa tura hoton. Sai ga wayoyi suna ta ƙara a aljihun mutane, daga wannan tabarma zuwa waccan. Dattawan da suka karɓe ajiyar masallaci na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya iya haɗa ido da ni. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, daɗin da rabona da shi tun kafin Yaya ya kwanta.

Sai yaron ya rarrafo ya kama ƙafata yana kuka. "Baba, don Allah ku yafe mini."

Na janye ƙafata. "Ni ba ni ka zaga ba."

Ya juya wajen liman. "Malam, ka sa baki. Me zan yi? Nawa zan biya?"

Malam Abdulbaƙi ya dube shi ya ce:

"Da kuɗinsa ka ci, da sai ka mayar wa magada ka huta. Mutuncinsa ka ci, wannan kuwa shi kaɗai ke da ikon yafewa. Shekaranjiya muka binne shi."

Yaron ya yi ta waige waige yana neman wanda zai ce masa wani abu. Malam ya ɗaga hannu aka fara addu'a, kowa ya ɗaga nasa, aka bar shi nan durƙushe a tsakiyar tabarma.