Ragowar Maganin Hajara

Mamman ya ɗauko matarsa Hajara a babur daga rugarsu ta bayan dajin Ɗansoshiya, ga ciki wata bakwai, ga jiki zafi rau. Bai tsaya ko'ina ba sai asibitin Kafin Maiyaƙi. Wannan ne cikin farko da ya zauna mata.

Likita Mas'ud ya gane ta. Shi ya duba ta da damina, ya ce bakkale ce, cutar shanu da ake ɗauka a ɗanyar madara, ya ba ta maganin makonni.

"Ta shanye?" in ji likita.

"Ai zazzaɓin ya sauka tuntuni."

"Ba shi na tambaya ba, Malam Mamman."

Mamman ya sunkuyar da kai. Shi fa mutum ne da in saniya ta yi tari sai ya kasa cin tuwo, in ɗan Adam ya yi, sannu ta wadatar. A daminar ne farar saniyarsa ta yi ɓari, gwiwarta ta kumbura. Da ya ga Hajara ta miƙe har tana daka, sai ya jiƙa ragowar maganin ya ɗura wa saniyar. A ruga kowa haka yake yi, har ana yaba masa dabara.

Likita ya ajiye biro. "Jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne. In cuta ta shiga ɗaya, sai ƙwayar ta kashe kanta don su mutu tare. Wannan cutar kuwa hana ta mutuwa take yi, ta ɓuya a ciki tana hayayyafa. Zazzaɓi ya sauka, ita tana nan daram. Kuma mahaifa take nema, ta saniya ko ta mace."

Ungozoma ta ja labule, ta ɗora abin sauraro a kan cikin Hajara. Mamman yana tsaye a bakin ƙofa yana jin shuuu kawai. Ta matsar da abin hagu. Ta koma dama. Ta danna, ta daɗe, sannan ta kira likita da ido.

Likita ya saurara shi ma. Ya cire hularsa.

"Sai haƙuri, Malam Mamman."

Mamman ya matso gadon. Hajara ba ta yi kuka ba. Ta juya fuska bango.

"Ka koma gida," ta ce, "lokacin tatsa ya yi."