Abin da Gwaggo Ta Taka

Sana'ata yankan kaji. A bayan kasuwa nake, kusa da masu figa, kuma tun ina saurayi hulɗata da kaza ɗaya ce: in taka fukafukai, in taka ƙafafu, in yi bisimilla. Don haka da Yaya ta yi mini waya ta ce in zo kazarta ba lafiya, sai na soke wuƙata na tafi. Me kuma za a kira ni in yi wa kaza?

Tun daga ƙofa ta hango wuƙar.

"Auta, mayar da ita. Magani na kira ka ka yi."

"Yaya, ai wannan ne maganin."

"Maganin gidanku," ta ce. Ta manta gidanmu ɗaya.

Yaya ce ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, shi ya sa har yau da furfura a gemuna ni Auta ne, kuma ana iya aikena. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ita kaɗai take zaune a gidan da suka gina, ɗaki biyu da ɗan fili a baya, sai kajinta. Ɗanta, wanda kowa ke kira Injiniya, yana can ɗaya gefen gari a saman bene, ya gyara mata ɗaki har da labule, domin hannunta ya fara rawa kuma hankalinsa bai kwanta ba. Ita kuwa ta ce a saman bene ko kaza ba ta kwana, balle mai kaza. Zuwansa na baya da gardama ta ishe shi ya ce, "Mama, ranar da na ga kin kasa kula da kajin nan, ranar zan kwashe kayanki." Shi ya faɗa ne cikin gajiya. Ita ta riƙe maganar kamar hukuncin alƙali. Kuma ƙarshen wata zai dawo.

Kazar da ba lafiya sunanta Gwaggo. Tsohuwa ce ja, ta daina ƙwai tun tuni, aikinta kawai ta ci ta goge baki ta tsare sauran da ido. Na same ta tsaye a ƙafa ɗaya. Da na juya ta, sai ga tafin ƙafar ya kumbura, da zafi, a tsakiya akwai wani baƙin ɓawo kamar kan ƙusa.

"Yaya, sabo da kaza ba ya hana yanka. Mu yanka ta, in Injiniya ya zo ki ce kin yi baƙi."

"Ya san ba na yanka Gwaggo. In bai gan ta ba zai ce ta mutu, in ya gan ta tana ɗingishi zai ce na kasa. Tafiya nake so ta yi a gabansa, da ƙafa biyu."

"Mu a wurinmu in kaza ta fara ɗingishi, ita ake fara cirewa."

"To nan ba wurinku ba ne."

Haka na tafi wurin likitar dabbobi. Ta dube ni ta ce, "Ba kai ne mai yanka na bayan kasuwa ba?" Na ce ni ne. Ta ce, "Ikon Allah." Sannan ta yi mini bayani. Ta ce ko dai kazar ta taka wani abu mai kaifi, ko tana dirowa daga sama kan siminti, cuta ta shiga ta wurin ciwon ta taru a ciki ta daskare. In riƙa jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri har ɓawon ya yi laushi. In ya yi, in ɗaga shi a hankali in fitar da abin da ke ciki, in wanke da aidin, ruwan nan na wanke ciwo, in shafa magani, in naɗe da bandeji. Ta ce kada in yi gaggawa. Ta maimaita wannan tana kallon hannuna.

Ranar farko na kama Gwaggo, ban san lokacin da na kwantar da ita na taka fukafukanta ba. Hannu ne da abin da ya saba. Sai jin tsintsiya na yi a gadon bayana.

Daga nan aka koma tawul. In naɗe ta har kai, ta yi shiru, in zauna a kujera 'yar tsugunne in riƙe ƙafarta a cikin roba. Yaya na gefe tana yi mata sannu. Ni ba wanda ya yi mini. Kullum da yamma in na tashi daga kasuwa, bayan na raba kaji da yawa da duniya, sai in zo in yi wa guda ɗaya wankan ƙafa. Abokan aikina suka ji labari suka fara kira na Dakta.

Ranar da ɓawon ya yi laushi na ɗauko sabuwar reza da hantsaki, na dafa su. Sai na tsaya da rezar a hannu na kasa farawa. Abin ya ba ni haushi ƙwarai. Na yi shekaru ina yanka, amma ban taɓa sa ƙarfe a jikin abin da ake so ya tashi ya yi tafiya bayan na gama ba. Gumi ya jiƙe mini riga. Na ɗaga ɓawon, na matsa gefe da gefe, sai ga wani abu mai tauri ya fito, rawaya, girman ƙwayar masara. Gwaggo ta yi ƙara ɗaya ta haƙura. Na murza abin a kan auduga don in ga maƙiyin nawa, sai na ji kaifi. A tsakiyarsa akwai ɗan siririn tangaran, fari, da layin shuɗi.

Na san wannan layin. Kofunan shayin Yaya ne, na cikin kabad, waɗanda tun ina yaro ba a bari in taɓa.

Na gama naɗe ƙafar, na zagaya bandejin tsakanin yatsu yadda likita ta nuna, na ajiye Gwaggo. Sannan na zagaya bayan akurki inda kajin suke yawan tono, na sa ƙafa na ture ƙasa. Ban yi wani haƙa ba. Ga hannun kofi, ga gefen faranti, ga gindin kwalbar magani, ga murfin butar shayi. An binne su ne, amma binnewar mai rawar hannu. Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta, sai dai wannan karon ba tata ta tono ba.

Na tara su a tafin hannu na kawo mata.

"Yaya, tun yaushe?"

"Santsi ne da su."

"Duka?"

"Ai kamfani ɗaya ya yi su."

"Me ya hana ki zuba a shara?"

"Yaron nan in ya zo shi ke fitar da shara. Kuma yana leƙawa."

Na ɗaga murfin butar. "Wannan da ta faɗi, da ruwa a ciki?"

Ta ja hannun rigarta ƙasa ta rufe wuyan hannu, amma na riga na ga tabon ƙuna. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba tun ina ƙarami.

"Auta," ta ce, "a ɗakin can na wanke mijina. A filin nan na yaye 'ya'yana. In ka gaya masa, ban yafe goyon da na yi maka ba."

Ta faɗa ne ba faɗa ba kuka, kamar mai aikena sayen ashana. Na ce to. Me ƙane zai ce?

Sauran kwanakin na yi aikin da ya fi ƙarfin sana'ata. Na tankaɗe ƙasar bayan akurki da rariya. Na zuba garin katako, na sauke sandar da kajin suke kwana a kai ta dawo ƙasa ƙasa. Kullum in kwance bandeji in wanke in sake sabo, Gwaggo kuma kullum ta yi ƙoƙarin cinye shi. Na sayo kofunan roba na ajiye a kicin ban ce komai ba. Yaya ta ce ita ba 'yar makaranta ba ce, amma washegari a ciki na ga tana shan shayi. Kumburin ya saɓe, ramin ya cike, Gwaggo ta fara taka ƙasa, ta koma cin zalin sauran.

Ranar da Injiniya zai zo na cire bandejin da safe. Ya iso da ledar 'ya'yan itace, ya durƙusa ya gaishe ta, ya gaishe ni. Yaron kirki ne, wannan ba zan ɓoye ba, kuma idonsa duk ya faɗa don tunaninta. Yaya ta ce ɗanta ba zai sha shayi a roba ba, ta sa na fito da ragowar tangaran. Ni na zuba, ni na ɗauko tire. Ita ta naɗe hannuwanta a cinya kamar mai jiran a ɗauki hoto.

Ya fita baya ya duba akurki, ya yaba garin katakon. Yaya ta watsa hatsi. Gwaggo ta taho da gudu da ƙafa biyu, ta ture wata budurwar kaza, ta ci rabonta da na maƙwabta.

"Ka gani?" in ji Yaya.

"Na gani, Mama."

Da na raka shi mota sai ya rage murya. "Kawu, kai ne kake zuwa kullum. Tsakaninka da Allah, yaya ka gan ta?"

"Kajin lafiya lau suke," na ce.

Ya daɗe yana kallona. Ban yi ƙarya ba, amma ban taɓa jin kunyar gaskiya irin ta ranar ba. Ya ce shi ke nan, a bar ta zuwa gaba a gani. Ya tayar da mota.

Na dawo na tarar Yaya ta miƙe tana murmushi, har tana ɗan waƙa. Ta ci nasara. Kafin in ce bari, ta ɗauki tiren da kanta ta shige kicin. Ina tsaye a fili na ji ƙarar, ta farko babba, sai ƙananan da suka biyo baya suna gangarawa. Kajin suka ɗaga kai.

"Auta," ta kira daga ciki, muryarta daidai. "Rufe kajin."

Na kora su akurki na rufe, na ɗauki tsintsiya na shiga. Tana tsaye a tsakiyar fasassun tangaran, ba takalmi, da tiren a hannu ba komai a kai.

"Ya tafi?"

"Yana bakin titi, yana jiran a ba shi hanya."

"To dakata ya yi nisa, sannan ka share."

Daga inda nake ina hango bayan motar ta taga. Da na fita na ɗaga hannu zai gan ni. Na dubi yayata, ƙarama da ita a tsakiyar kicin ɗinta, tana jiran ta ga abin da zan yi. Tausayinta ya cika ni, da fushi, da tsoron ranar da ba na nan. Muka tsaya muna saurare har ƙarar motar ta ɓace.

Na ce mata kada ta motsa, na je na ɗauko mata takalmi.