Kitse a Jinin Maigandi

Maigandi ya danne auduga a gwiwar hannunsa, inda aka ɗebi jini, yana hamma. Tun asuba yake jigilar fasinja a kan babur tsakanin Tsaskiya da Safana, sai da rana ta ɗaga ya samu ya shigo asibiti, saboda jirin da ke ɗibarsa kwana huɗu ke nan.

Ya fi awa guda a kan benci kafin Deborah, ma'aikaciyar da ta ɗebi jininsa, ta fito da 'yar kwalba a hannu.

"Baba, me ka ci kafin ka zo?"

"Waina ce da man shanu. Sai ɗan balangu da wani ya saya mini."

Ta ɗaga kwalbar saitin taga. Ruwan da ya taso a saman jinin ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa nono.

"Kitse ne wannan. In mutum ya ci abu mai maiƙo, kitsen yakan shiga jini ya yi ta yawo. In jiki ya motsa, sai tsoka ta kwashe shi ta ƙone. In kuwa aka zauna, sai ya daɗe a ciki, a hankali ya riƙa toshe jijiya. Gobe ka dawo ba ka ci komai ba, mu sake aunawa. Amma tun yau ka fara tafiya da ƙafa, ko ta rabin awa ce, in ka ci abinci."

"'Yata, ni da nake wuni a kan hanya?"

"Babur ne ke tafiya, Baba. Kai a zaune kake."

Ya so ya yi fushi, gajiya ta hana shi. Shekara ashirin ya yi yana bin bayan shanun huɗa, ba wanda ya taɓa ce masa ya yi tafiya. Da zuwa gonar nesa ya gagara ne ya sayar da shanun ya sayi babur. Yayansa Sada ma haka ya bar noma ya zauna a shago, ga shi yau shekara biyu a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Gida biyu ke nan ke ci daga wannan babur ɗin.

Ya koma aiki. Ya kai buhun gero, ya kai wata tsohuwa da akuyarta. Bayan la'asar ya zauna a rumfar Zuwaira mai shinkafa da wake. Da ta ɗago cokalin mai, ya tare da hannu.

"Rabin cokali ya isa."

"Lafiya, Malam Maigandi?"

"Da sauƙi."

Da ya kama hanyar gida bayansa na ciwo, ƙafafunsa sun yi nauyi. Ya wuce gidajen ƙarshe na garin, ya tsaya, ya ɗan jima a zaune injin na kaɗawa. Sannan ya kashe, ya sauko, ya kama turawa cikin rairayi. Kafin ya kai bishiyar tsamiya gumi ya jiƙa rigarsa, numfashinsa na fita da ƙyar.

Salmanu, wani abokin sana'arsa, ya taho a guje, ya ja birki a gefensa.

"Yaya, mai ne ya ƙare? Bari in tsiyaya maka."

Maigandi ya share fuska da hularsa.

"A'a, yawa ya yi. Je ka abinka."

Salmanu ya dube shi, bai gane ba, ya wuce. Maigandi ya gyara riƙon babur ɗin ya ci gaba da turawa.