A Binne Ni a Tudu

"Kwanta, Doreen! Ga shi nan tafe!"

Kwanon soyayyen kifin da na kawo wa Baba Barend ya kife. Ya finciko hannuna da ƙarfin da ban san ya rage masa ba. Wani ɗan jirgin sama ne kawai ke jan tutar talla a kan gaɓar Kalk Bay.

Katanga ɗaya ta raba gidajenmu tun ina amarya. Kowa ya san ya yi aikin jirgin ruwan yaƙi na Ingila da ƙuruciya, amma bai taɓa ba da labari ba sai ranar, yana haki a gado.

"Jiragen saman Japan ba bom suke saki su wuce ba, 'yata. Da jirgin da matuƙin suke faɗo mana. Na ga fuskar ɗaya. Ko gemu bai fara ba."

"Baba, sha ruwa."

"Abokina Gamat yana bakin bindiga, a kansa jirgin ya faɗo. Da wuta ta mutu aka ba ni shebur, aka ce in share. Ban gane wanne ne Gamat, wanne ne yaron ba. Tare na zuba su a teku." Ya damƙe zanin gado. "Suna can suna jirana. Kar ki bari a kai ni ruwa."

Ranar Laraba da hantsi ya cika, ina goge masa goshi.

'Yarsa Magdel ta iso daga Johannesburg da shirinta: a ƙone gawar, tsofaffin sojojin ruwa su watsa tokar a teku.

"Girma ne, Anti Doreen. Haka ake yi wa irinsu."

"Ke dai kin zo da takalmin birni. Mutumin da ya zauna bakin teku har tsufa bai taɓa tsoma ƙafa ba?"

Na faɗa mata zancen shebur. Ta zauna a kan matakala.

"Ni bai taɓa gaya mini ba," ta ce.

A tudu muka binne shi, bayan coci.

Da muka dawo kwashe kaya, Magdel ta ɗaga kujerarsa daga bakin tagar da ke fuskantar teku. Ƙafafunta sun ci katakon daɓen, ramuka huɗu, kusa-kusa da bango. Sai a lokacin muka lura bango kujerar take kallo.