Baƙar Sensa a Bayan Motar Hamman

"Kar ka tayar da inji! Murɗa makulli kawai, ka taka birki, ka sa ribas," in ji Baba Mele, da ƙarfi kamar mai kiran wani a tsallaken Binuwai.

Haka yake magana kullum, don ba ya jin muryar kansa. Hamman ya yi yadda aka ce. Motar ta saki dogon kukan nan da ta shafe wata biyu tana ci masa rai da shi, ƙiiii, sannan ta yi tsit. Ta madubi ya hango tsohon ya tura dutse ƙarƙashin taya da ƙafa, ya dafa but ɗin bayan motar, ya durƙusa a hankali har ya ɓace wa madubin.

Baba Mele mai gyaran wutar mota ne. Shekara goma ke nan da rikicin Borno ya koro shi Jimeta shi da matarsa Ya Kellumi, suka kama ɗaki biyu a wani lungu na Nassarawo, ƙofa da ƙofa da gidan Hamman. Kunnensa na dama ya mutu murus, na hagu kuwa sai ka yi ihu kana kallon fuskarsa. Gindin dogon yaron ƙofar gida shi ne garejinsa. Abu ɗaya kowa ya sani game da shi, ba ya zama a kujerar direba. Ko motar wa aka kawo, mai ita ne zai shiga ya kunna, shi yana daga waje yana ba da umarni. 'Yan unguwa sun ɗauka rigimar tsufa ce.

"Ja birkin hannu ka sauko ka gani!"

Hamman ya zagayo. A jikin bambar baya akwai wasu 'yan maɓallai huɗu a jere, su ne sensa, masu sa mota ta yi ƙara idan ta kusa taka wani abu ta baya. Tsohon ya ɗora kan yatsarsa a na farko, ya lumshe ido.

"Wannan yana numfashi." Ya matsa na biyu. "Wannan ma." A na uku ya daɗe. "Wannan ya mutu."

Hamman ya kusa yin dariya. A cikin gari an ce masa sai an jona wa motar kwamfuta kafin a gane ciwonta, ga kurma yana yi mata duba irin na boka da yatsa. Amma da Baba Mele ya kamo hannunsa ya ɗora a na farko, sai ya ji wani ɗan motsi siriri yana bugun fatar yatsarsa, kamar zuciyar ɗan tsako. Shekara huɗu yana hawan motar nan bai san akwai abin da ke bugawa haka a bayanta ba. A na uku kuwa roba ce kawai mai zafin rana.

Tsohon bai tsaya nan ba. Ya kwanta a kan kwali, ya zura hannu ta bayan bamba, ya ciro na biyu da na uku ya musanya musu wuri. "Ba a yi wa mutum shaidar mutuwa da gani ɗaya," in ji shi. "In ciwon ya tsaya a ramin, waya ne. In ya bi abin, abin ne." Ciwon ya bi abin. Ya nuna wa Hamman wata 'yar tsaga a gefensa, tun ranar da mai keke ya goge motar a kasuwar Jimeta, ruwan wanki ya samu hanyar shiga.

Hamman ya sunkuya daidai kunnen hagun. "Baba, ka yanke wayar ƙarar mu huta! Ina da madubi uku, ga idona biyu!"

"Ka ji Bafillace! Ku da kuka saba da saniya, wa ya kai ku mota?" Wasan Barebari da Fulani ne, kullum sai sun yi. Amma yau bai jira ramuwa ba, fuskarsa ta canza. "Ba na yanke wa mota harshe. In ɗaya ya mutu, sauran ukun sun ajiye aiki. Kukan nan da ka tsana, faɗa maka yake ya makance."

Ikram, autar Hamman mai shekara uku, tana tsugune kusa da su tana kallon yatsar tsohon. Ba ta da aiki sai bin Kaka Mele. Ya ɗaga ta tsaye ya jingina ta da but, kanta ko rabin hanyar gilashi bai kai ba.

"Wane madubinka ne yake ganin wannan?"

Ya damƙa wa Hamman matacciyar sensar, ya ce ya kai shagon Apollos a layin 'yan kayan mota, ya sayo irinta mai haƙora uku. Hamman ya ce to, ya jefa ta a aljihun mota.

To, Hamman ma'aikacin gwamnati ne, kuma a wurinsu gobe ba ta ƙarewa. Mako ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Kullum da safe yana fitowa da baya daga lungun nan da mota ɗaya ke cika shi, motar ta yi kukanta ta yi shiru, yara su dare, ya wuce. Cikin mako na uku Baba Mele ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura, idonsa ya yi ɗorawa. Aka kai shi asibiti, bayan kwana shida aka ce a mayar da shi gida a ci gaba da addu'a, kowa kuma ya san ma'anar wannan.

Duk sanda Hamman ya shiga dubiya, kafin ya gama sannu tsohon zai ce, "Ka sayo?" Shi kuwa ya sosa ƙeya ya ce gobe in sha Allahu. Har abin ya fara ba shi haushi. Mutum yana fama da ransa, ina ruwansa da maɓallin roba?

Ran nan da ya fito, Ya Kellumi ta biyo shi zaure. Ba mai yawan magana ba ce, shekara goma gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

"Malam Hamman, ka taɓa ganin shi ya riƙe sitiyari?"

Ya ce bai taɓa ba.

"Da direba ne, har Kano yana zuwa. Ranar da aka shigo garinmu, abu ya fashe kusa da shi, kunnen ya tafi nan take. A haka ya zo gida da jini a wuya, ya ce kowa ya hau a-kori-kura. Mun hau, maƙwabta sun hau. Jikanmu Farouk ya zame ya koma ɗauko takalmi. Shi ya duba madubi, ba kowa, ya yi baya." Ta gyara mayafinta. "Mun yi ihu, mu wajen ashirin. Bai ji ba. Mutane suna cewa bindiga ne ya kashe mana yaro, mu ma ba mu gyara musu ba."

Hamman ya rasa inda zai sa idonsa. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba ta barin mutum ya ce ko Allah ya jiƙansa. Daga zauren nan bai shiga gida ba, Jimeta ya nufa. Apollos ya juya sensar a tafin hannu, ya ce yana haɗa Turancin buroka da Hausa, "Na Baba Mele send you? Irin kalar motarka babu, sai baƙi." Hamman ya ce ko ja ce a ba shi.

Washegari da hantsi, kafin zafin Yola ya buɗe, aka kamo tsohon mutum biyu aka zaunar da shi a tabarma bayan motar. Ya Kellumi ta hana, ya ƙi. Hamman ya ce ya faɗa masa yadda ake yi shi ya sa, nan ma ya ƙi. Hannun da ya kasa riƙe kofin kunu da safe, shi ne ya shiga bayan bamba. Hamman yana kallo, rawar da hannun ke yi ta tsaya cak da ya taɓa waya. Bai ko leƙa ba. Ya kankare tsatsar bakin soket da tsinken ƙarfe, ya hure, ya daidaita haƙoran uku, ya danna har ya ji ta zauna. Gumi na zuba daga haɓarsa. Aikin minti biyar ya ɗauke shi rabin awa, ba wanda ya yi tari.

"Shiga ka sa ribas."

Hamman ya shiga. Ƙit, sau ɗaya, gajere, sai shiru. Tsohon ya bi maɓallan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, Ikram na biye da shi da nata ɗan yatsan. Sannan ya sa aka riƙe tabarmar salla daga nesa ana matsowa da ita. Motar ta fara ƙit, ƙit, tana ƙara sauri, da tabarmar ta zo dab sai ta zarce da kuka ba tsayawa.

"Ya yi?" in ji Baba Mele, yana kallon bakin Hamman. "Ni ba na ji. Ka faɗa mini gaskiya, ya yi?"

"Ya yi, Baba! Wallahi ya yi!"

Tsohon ya jingina kansa da bamba, ya ce alhamdu lillahi, a hankali. Ranar ce kaɗai Hamman ya taɓa jin ya yi magana ƙasa-ƙasa.

Kwana biyu bayan nan, ranar Alhamis wajen ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi abinsa. Aka yi masa sutura, aka sallace shi bayan azahar a gindin dogon yaron da ya yi aiki. Motar masallaci ta ɗauki makara ta wuce gaba, maza suka bi a keke da babura, mata suka cika gidan Ya Kellumi. Lungu ya zama wayam. Hamman ne na ƙarshe, don shi zai ɗauki dattawa uku da ba sa iya hawa babur.

Ya tayar da mota. Ya duba madubin dama, ya duba na hagu, ya duba na tsakiya, ba kowa sai katanga da rana. Ya sa ribas.

Ƙiiiii.

"Af, ta koma gidan jiya," in ji Malam Bakari, dattijon da ke gaba. Duk unguwar ta san kukan motar Hamman. "Allah ya jiƙan Mele, hannu ya riga ya mutu ya ce sai ya yi. Mu je, ɗana, kar a rufe shi ba mu."

Hamman ma abin da ya zo masa ke nan, har da ɗan tausayin tsohon. Ƙafarsa ta fara sassauta birki. Sai ya lura da abu ɗaya. Kukan da ya sani na watannin nan yakan yi ne ya gaji ya yi shiru. Wannan bai yi shiru ba.

Ya danne birkin da duk ƙarfinsa, ya mayar da giya, ya ja na hannu, ya fita bai ko rufe ƙofa ba.

Ikram tana tsugune a bayan tayar dama, ba takalmi, ta sulale daga cikin mata ba wanda ya gani. Ɗan yatsanta na kan baƙar sensar, idonta a lumshe yadda ta ga ana yi. Tsakanin gwiwarta da taya bai kai taƙi biyu ba. Ta ɗago ta yi masa murmushi.

"Abba, ya yi numfashi. Yanzu ya daina."

Hamman ya zauna daɓas a ƙasa da farar rigarsa, ya rungume ta. Tsoro ne ya fara kama shi, daga baya wani abu da ya fi tsoro girma ya rufe shi, har ya ji duk lungun ya yi masa faɗi. Dattawan suka sauko suka tsaya a kansa. Malam Bakari ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa, ba abin da yake maimaitawa sai la haula.

Sun isa maƙabarta ana cikin jera itace. Hamman ya karɓi shebur ya zuba ƙasa har tafinsa ya yi ja, bai yarda ya miƙa wa kowa ba.

Da suka dawo, labari ya riga ya shiga cikin gida. Matarsa Ummu Salma ta ce masa da Ya Kellumi ta ji, sai ta sa an kawo mata Ikram, ta ɗora ta a cinya, tana ta shafa ƙafafunta marasa takalmi har yarinyar ta yi barci.

Bayan la'asar masu gaisuwa suka ragu. Kwalin da tsohon ke kwanciya a kai yana nan jingine da dogon yaro. Hamman ya tura dutse ƙarƙashin taya da ƙafa, ya murɗa makulli bai tayar da inji ba, ya sa ribas, ya ja birkin hannu. Ya zagaya baya ya durƙusa a gaban maɓallan, uku kalar mota, ɗaya baƙa. Ya ɗora yatsarsa a kan baƙar, ya lumshe ido, tana ta bugawa.