Saƙon Baba Filibus

"Karɓi maficin nan, Mushe, hannuna ya gaji," in ji Mama Larai, matar Baba Filibus. "Bari in leƙa kunun nan kada ya kama."

Abdulaziz, wanda unguwa ke kira Mushe don shi malamin makaranta ne, ya karɓa, ya gyara zama a bakin gadon ƙarfen da Baba Filibus yake kwance. An ɗauke wutar kuran tun hantsi, fanka ta tsaya cik, ɗakin sai warin man zafi da zufa. Tun da ciwo ya kwantar da tsohon, wanda ya ƙare aikinsa a gidan waya na Zinder, kullum Abdulaziz ya taso daga lakwal inda yake koyarwa, nan yake fara shiga kafin gidansa. Katanga ɗaya ta raba su. Unguwa duk ta ɗauka, ana ta yabon malamin da bai duba cewa maƙwabcinsa Kirista ba ne, har liman ya taɓa kawo misali da shi.

Yana son tsohon, wannan ba ƙarya ba ne. Amma abin da ke zaunar da shi a ɗakin nan har ƙafarsa ta yi tsami, littafi ne. Abdulaziz mutum ne mai son manyan littattafan Faransanci, irin masu kaurin da za ka tokare ƙofa da su, waɗanda tsoho ke cinye babi guda yana mutuwa. 'Yan littattafan soyayyar da matarsa Zuliha ke arowa kuwa ko kallo ba su ishe shi ba, wai a cikinsu mutum na mutuwa a layi ɗaya kamar an hure fitila. To, ga shi nasa littafin da yake rubutawa ya cije a daidai inda uban gida zai cika, shi kuma bai taɓa ganin fitar rai ba.

Yana da wata ɗabi'a: ba ya sa jimla a takarda sai ya tauna ta a baki, ya juya ta, ya ji ta zauna. Leɓɓansa na motsi, idonsa a lumshe. Mama Larai ta sha ganinsa a haka ta fita da sanɗa, tana cewa Mushe na yi wa Baba addu'a.

"Mushe."

"Na'am, Baba."

"Maryamu ta taso?"

"Ta taso daga Dakusa tun safe, Baba. Motarsu ce ta lalace a hanya."

Maryamu ita ce 'yar tsohon tilo, tana aikin jinya a can. Tsohon ya ɗan girgiza kai. "Ba za ta same ni ba. Matso in ba ka saƙo. Ita kaɗai za ka faɗa wa."

Abdulaziz ya sunkuya, ya kai kunnensa. A nan idonsa ya faɗa kan hannun tsohon. Babban yatsan yana ta shafar gefen zanen gado, yana turawa, yana turawa, daidai yadda mai aikin gidan waya ke ware wasiƙu. Abin da ya yi wata da watanni yana nema ke nan! Nan take jimla ta zo masa, ya cafke ta, ya shiga juya ta: yatsan ne zai zo farko, ko wasiƙun? Yana jin ɗumin numfashin tsohon a kunnensa, yana jin murya na tashi tana sauka, can nesa kamar rediyon maƙwabta.

"Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

Bakinsa ne ya faɗa kafin hankalinsa ya dawo. Ko kalma ɗaya bai riƙe ba. Ya buɗe baki zai ce a maimaita, sai ga Mama Larai da kwanon kunu, kunya ta rufe shi. Tsohon ya lumshe ido, fuskarsa ta sake kamar wanda ya sauke tulu. Abdulaziz ya ce a ransa in ya farka zai tambaye shi. Bai farka ba. Ana kiran la'asar a masallacin unguwa Baba Filibus ya cika.

Maryamu ta iso gida ya riga ya cika da mutane, ko rigar aiki ba ta cire ba. Da kukan ya ɗan lafa, uwarta ta ce mata, "Babanki ya bar miki magana wurin Mushe. Ina tsakar gida na ji ya ambaci sunanki."

Ta same shi a zaure, ta durƙusa. "Yaya Abdul, me ya ce? Ya yi fushi ban zo da wuri ba, ko? Tun shekaranjiya Mama ke kirana, ni ce na tsaya sai an samo mai canjina."

Gaskiyar tana bakinsa, gajeriya ce. Amma ya dubi idonta, sai wata jimlar ta zo masa, a shirye, ba ta ma buƙatar tauna.

"Ya ce, 'Maryamu, kada ki yi gaggawa a hanya. Ni na isa gida.'"

Ta rufe fuska da tafukanta. Da ta ɗago, ya ga nauyin ya bar ta, sai ya ji duk nauyin ya dawo bisa kansa.

Maganar ba ta tsaya a zaure ba. Washegari fasto ya maimaita ta a majami'a, mata suna share hawaye. Masu zuwa gaisuwa suna tare Abdulaziz a hanya suna cewa Allah ya saka masa. Shi kuwa sai ya yi ta tambayar kansa abin da saƙon ya ƙunsa. Ko gona ce tsohon ya so a raba? Ko gafarar wani yake nema? Ko wata magana ce tsakanin uba da 'ya da ba za a sake yi ba har abada? Ya taɓa tashi da niyyar ya je ya faɗi gaskiya, ya tarar da Maryamu tana tsefe wa uwarta kai, suna 'yar dariya a karon farko. Ya gaishe su, ya tambayi ya haƙuri, ya koma gida.

Ranar da za a yi wa kabarin siminti Maryamu ta aiko masa, ya bi su maƙabartar Kirista. Ɗanladi magini ya gama shafe saman, ya yi sumul. Maryamu ta miƙo wa Abdulaziz wata doguwar ƙusa.

"Kai ka ji daga bakinsa, Yaya, kuma duk unguwa ba mai rubutunka. Rubuta sunansa, sai 'Na isa gida' a ƙasa."

"Maryamu..."

"Mushe, a hanzarta," in ji Ɗanladi. "Ranar nan ba ta jira, yanzu zai bushe."

Ya durƙusa. Sunan ya fita tsaf. Da ya zo layi na biyu ya dakata, zufa na shiga masa ido. Maryamu ta ɗauka rana ce ta dame shi, sai ta matso ta ware mayafinta bisa kansa, ta yi masa inuwa. Ƙusar ta nutse cikin ɗanyen siminti, tana tafiya a hankali.