Kankanar Inna Kulu

Shekara talatin Kulu tana shuka kankana a garkarta ta bakin tafkin Madarunfa, kuma ba ta taɓa sayen iri ba. Na mahaifiyarta ne take ajiyewa a tulu shekara bayan shekara. Bana kuwa ta fasa ta farko, ja wur kamar kullum, ta kai baki, sai ɗaci kamar maɗaciya. Akuyar da ta cinye ragowar kwana biyu ta yi tana zawo.

Ranar da Maryama malamar gona ta biyo a kan babur, ta tarar da Kulu da lauje za ta sare yaɗon duka.

"Inna, dakata. Mi aka shuka kusa da ke bara?"

"Guna. Maman na can ya cika gonarshi da ita."

Maryama ta ce to ƙudan zuma ne suka kwaso garin furen gunar suka kai wa kankanar. Ta bara ta yi zaƙi, amma 'ya'yan da ke cikinta sun gaji ɗacin, kuma akwai guba a cikin ɗacin.

"Ke nan irin uwata ya mutu?"

"Bai mutu ba. Ɗacin ga ba ya ɓoyo a jini. Duk gindin da ya ba da mai zaƙi, shi tsarkakakke ne. Ki nemo guda ɗai, mu ɗaure furenshi da zare kada ƙuda su shiga, mu haɗa shi da hannu."

Gindi ɗari da ashirin ne a garkar. Kulu ta bi layi da wuƙa, ta yanka, ta taɓa harshe, ta tofar, ta kuskure baki, tana yi tana aika wa Maman baƙar magana ta kan shinge. Mutumin da suka tashi tare tun ƙuruciya, tun zuwan Maryama mako guda ke nan ba ta amsa gaisuwarsa ba. A gindi na arba'in harshenta ya mutu, ko ruwa ta sha ɗaci take ji. Ta zauna a kan kunya ta yi kuka sosai.

Sai ga Maman ya tsallako shinge da butarsa, ya ɗauki wuƙar. Tsoho ne mai haƙori huɗu, wanda ko shayi ba ya sha sai sukari ya yi masa yawa. Haka ya dinga bi, fuska a yamutse, yana tofarwa. Ya yi amai sau biyu ya dawo. Bayan la'asar ya tsaya a wani ƙanƙanen yaɗo kusa da rijiya, ya ɗanɗana, ya sake, sannan ya haɗiye.

"Kulu, taho. Ga ta nan."

Ta karɓa ta tauna, ba ta ji komai ba, bakin bai dawo ba tukuna. Ta dubi jajayen idanunsa, ta ji kunya da godiya sun cika mata ciki.

"Allah shi saka maka, Maman. Allah shi jiƙan mahaifa."

"Ba ki tabbatar ba tukuna."

"Ka ce tana da zaƙi," in ji Kulu, tana warware zare daga bakin zanenta. "Riƙe mini furen."